Kujerar Wani

Duk wanda ya taɓa sayen burodi a titin Selkirk ya san Slavka Bilyk, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce gajeruwar matar nan mai furfura da ke tsaye bayan kanta a gidan burodin Wasyl, wadda in ka taka mata ƙafa ita za ta riga ka ba da haƙuri. Mu mutanen Winnipeg dukanmu muna da wannan ciwon, ba na musu. Mutum zai yi karo da ƙofar gilashi ya tsaya yana ce wa ƙofar ta yi haƙuri. Amma na Slavka ya wuce misali. A layin bas takan yi ta matsa wa na bayanta har motar ta cika, ta tafi ta bar ta cikin ƙanƙara tana murmushi kamar an yi mata kyauta. Mutane suna cewa tana da kirki, kuma gaskiya ne. Ni dai wani lokacin ji nake kamar in kama kafaɗunta in girgiza ta.

Ubanta, Mykola Demchuk, a wurin gyaran taragun jirgin ƙasa yake aiki. Ranar Asabar sai ya goge baƙin mai daga hannunsa, ya rataya akodiyan ɗinsa, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa a ƙirji, ya nufi duk zauren da ake rawar taimakon aure. Saurayi da budurwa su kama zaure, unguwa ta sayi tikiti, a yi ta rawa har gumi ya jiƙa riga, can a shimfiɗa burodi da tsiran-alade da cuku a kan tebur. Yakan tafi da 'ya'yansa mata biyu su yi waƙa. Slavka ce babba, Halya ke bi mata. Akan kifa musu akwatin lemo su hau don su kai ga makirufo, kuma da yake akwatin bai isa mutum biyu ba, Halya ce a tsakiya, Slavka ƙafa ɗaya a kai ɗaya a iska.

Halya kam wuta ce. Tun tana 'yar firit, idan wani mashayi ya cika surutu tana waƙa, sai ta tsaya cak ta ce, "Kawu, ka gama? Sai in ci gaba." Zaure ya kece da dariya, kawu ya nemi inda zai sa kansa. Muryarta mai kauri ce, da ɗan dishi-dishi, irin wadda ke sa tsofaffin mata su ajiye cokali. Ta Slavka ma tana da daɗi, sai dai ba ta taɓa sakin ta duka ba.

Suna 'yan mata wani mutum daga Toronto ya ji su a wani biki, ya ce su biyun yake so, zai kai su su yi faifai. A wannan hunturun ne uban nasu, wanda suke kira Tato, ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa ya shanye. Uwarsu Tekla tana ɗinki a kamfanin riguna, in ta bar aiki babu mai ci da gidan. Dole ɗaya ta zauna. Ba wanda ya ce wance ce za ta zauna, ba a ma kai ga maganar ba.

"Ki tafi kawai," in ji Slavka, tana ninke wa ƙanwarta kaya a akwati. "Da zarar Tato ya miƙe zan biyo ki."

"Ƙarya kike. Ba za ki zo ba."

"Zan zo mana."

"To mu jefa kwabo. Wadda ta ci ta tafi."

"Haba, Halya, kwabo kuma? Ungo safar nan, an ce Toronto ma akwai sanyi."

Tato bai miƙe ba. Ya yi shekaru a kujera bakin taga, Slavka na aske masa gemu, tana ba shi abinci a baki. Ta kama aiki a gidan burodi saboda ana tashi da wuri. Ta auri Walter Bilyk, direban bas, mutum shiru-shiru, wanda ya ce abin da ya sa ya lura da ita shi ne kullum ita kaɗai yake bari a tasha. Allah bai ba su haihuwa ba. Sun zauna lafiya, ba mai jin kansu, har ranar da zuciyarsa ta tsaya yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida.

Ita kuwa Halya a can ta koma Gail Darrow, don an ce mata Demchuk ba zai zauna a bakin masu rediyo ba. Ba ta zama tauraruwar da ake tare hanya dominta ba, amma da wuya ka sami direban babbar mota tsakanin Halifax da Vancouver, daga wannan ƙarshen ƙasar zuwa wancan, da bai taɓa tuƙi da muryarta ba. Sau biyu sunanta yana shiga cikin masu neman kambun mawaƙa na ƙasa, wanda ake rabawa duk shekara a talabijin, sau biyu wata tana ɗaukewa. Idan waƙarta ta zo a rediyon gidan burodi, Slavka kan ƙara murya kaɗan ta ci gaba da yanka. Ba ta cewa ƙanwata ce. In wani wanda ya sani ya ambata, sai ta ce, "E, tana ƙoƙari."

Sau ɗaya tak Slavka ta taɓa gaya wa mutum magana mai zafi, kuma a kan Halya ta faɗa. Ranar jana'izar Tato ce. Halya ta iso an riga an fara addu'a, cikin wata doguwar riga ta gashi, kuma tun ba a kwashe kwanuka ba ta fara duba agogo, wai tana da wasa a garin Regina washegari.

"Slavka, kin san ba da son raina ba ne. An riga an sayar da tikiti."

"Tafi abinki. Ai tafiya ita kika iya."

Halya ta miƙe. Ta ɗauki jakarta ta fita. Bayan nan sai waya lokacin Kirsimeti, a gaisa, a yi maganar sanyi, kowacce tana jiran 'yar'uwarta ta fara. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, Slavka tana cewa a ranta ai akwai lokaci.

Wata shekara da kaka, ganye na zuba, sai mijin Halya, wani Colin, ya kira. Ciwon daji ne ya kama Halya, ta ɓoye wa kowa. Ta rasu, kuma an riga an ƙona gawar kamar yadda ta bar wasiyya, ba coci, ba taro. Tokar ya watsa a wani tafki da take so a Ontario. Slavka tana riƙe da wayar ta ji bakinta yana cewa, "Na gode da ka kira. Sannu, ka sha wahala." Sai da ta ajiye sannan ta zauna a ƙasan kicin, ta daɗe tana kallon ƙafar tebur.

Mama Tekla a lokacin ta haura casa'in, tana gidan tsofaffi. Idon ya tafi, sai haske da inuwa, amma bakin yana nan daram.

"An ƙona min 'ya kamar tsumma," in ji ta. "Wa ya tsaya a kanta? Wa ya sumbaci goshinta? Mu haka muke yi?"

Fada, limamin cocinsu, ya yi addu'ar kwana arba'in, 'yan tsofaffi suka zo, aka ci perogi, 'yan ƙullin fulawa masu dankali a ciki, da albasa a ɗakin ƙasan coci. Amma addu'a babu akwati a gaba ba ta kwantar wa tsohuwa da rai ba, kuma in za a faɗi gaskiya ba ta kwantar wa Slavka ba. Ko kuka ba ta yi ba. Abin ya tsaya mata a ƙirji kamar loma da ta ƙi wucewa, da shi take kwana, da shi take tashi ta tafi yanka burodi.

Bikin kambun nan yawo yake yi, bana wannan birni, baɗi wancan, kuma a wannan shekarar Winnipeg ya faɗo, ƙarshen hunturu, a babban gidan wasan hoki na kan ƙanƙara. Colin ya sake kira. An sanar da shi za a sa hoton Gail cikin mawaƙan da suka rasu a shekarar. Akwai inda ake rage fitila, a sa kiɗa a hankali, hotuna su riƙa wucewa a babban allo ɗaya bayan ɗaya. Shi ba zai zo ba, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Slavka ta so ta tambaye shi ko zai nema mata hanyar shiga, sai ta ga mutumin yana cikin makoki, bai kamata a ɗora masa wani nauyi ba. Ta ce bari ta sayi tikiti kamar kowa. Kafin ta gama shawara da kanta tikiti ya ƙare.

Da ta gaya wa Mama, tsohuwa ta yunƙura ta zauna sosai a kan gado.

"To jana'izarta ke nan. Duk mawaƙan ƙasar nan a ɗaki ɗaya. Dole jininta ya kasance a wurin."

"Mama, babu tikiti. Zan zo nan mu kalla tare a talabijin."

"Mu kalla? Da wane idon? Kuma yaushe aka fara zuwa jana'iza ta talabijin? Ki je ki zauna a cikinsu. Ki gano min hoton da suka sa, da rigar da ke jikinta, da yadda mutane suka yi. Ki zo ki faɗa min da bakinki."

Slavka ta ce to. Ita ma abin da take so ke nan, tsohuwa ce kawai ta riga ta faɗa. Tana so ta zauna a ɗakin da za a tafa wa Halya, ko da sau ɗaya ne, ta ce mata ga ni na zo. Yadda za ta shiga ne ba ta sani ba.

Doreen Fontaine ce ta zo da dabara, abokiyar aikinta, mace mai faɗi da muryar da ake ji daga tsallaken titi.

"Ke, kin san ana neman 'yan cike gurbi?"

"'Yan me?"

"Ai manyan nan ba sa iya zama wuri ɗaya. Wannan ya tashi fitsari, wancan ya fita shan taba, wani ya je karɓar kambu ya maƙale wajen 'yan jarida. Su kuma masu talabijin ba sa son kyamara ta nuna kujeru wayam kamar bakin tsoho. Sai a ajiye irinmu a lungu, mun ci ado. Da kujera ta saki a tura ki ki ɗosana ɗuwawu, mai ita ya dawo ki tashi. Ba a biyan ki, ke ma ba kya biya."

"Kai, Doreen. Ni da shekaruna?"

"Shekarun me? Ɗuwawu suke nema, ba takardar haihuwa ba. Na riga na ba da sunanmu, sai ki nemo rigar kirki."

Ana gobe biki aka tara su a gidan wasan. Mai kula da su wata siririyar yarinya ce, Renée, da na'ura maƙale a kunne, tana magana da mutum uku a lokaci guda.

"Kaya masu duhu," in ji ta. "Ba a yi wa taurari magana, ba a neman su sa hannu, ba a ɗaga wa kyamara hannu. Shiga da fita sai lokacin talla. Ana dawowa daga talla ake rufe ƙofa, na ciki yana ciki, na waje yana waje, kuma ba a tsayuwa a hanya. Mai kujera ya dawo, ku tashi. Ba ku nan, kun gane? Ku kayan ɗaki ne."

Doreen ta zungure ta da gwiwar hannu. "Je ki gaya mata. Ki ce ƙanwarki tana cikin hotunan, ta ajiye ki wuri ɗaya."

"Dubi yadda yarinyar nan take haki. Kanta ya ɗau zafi. Bari sai gobe."

Gobe ta zo, yarinyar ta fi jiya haki.

Slavka ta sa baƙar rigar da ta sa ranar jana'izar Walter, da 'yan kunnen Mama. Aka jera su a wani dogon lungu bayan kujeru, siminti tsirara, sanyi yana hawa ta tafin ƙafa. Yawancin 'yan layin ɗalibai ne, suna ta rawar kai, wannan tana son ta zauna kusa da wane, waccan ta rantse za ta suma. Da aka fara tura mutane Slavka ta matsa wa biyu suka wuce, Doreen ta damƙe bayan rigarta.

"Ki sake matsa wa wani, na rantse sai na zauna a kanki."

Karon farko kusa da wani saurayi aka kai ta, mai zane a wuya, hula har ido. Haske ya kashe mata ido, ƙarar kiɗa tana dukan ta a ciki. Mai gabatarwa ya yi barkwanci a kan sanyin Winnipeg, saurayin ya tuntsire da dariya yana dukan hannun kujera, ita ma ta taya shi don kada ya yi shi kaɗai. Ashe kyamara tana kansu. Da aka tafi talla wata doguwa ta dawo, Slavka ta tashi. Haka aka yi ta yi, shiga, fita, kujera mai ɗumin wani, kujera mai warin turaren wata. Mutane suna hawa suna karɓar kambu, suna gode wa iyayensu mata da garuruwansu. Ita dai idonta yana kan babban allon, tana aunawa a ranta yadda fuskar Halya za ta cika shi.

Can sai ga Renée da gudu.

"Bayan wannan tallar sai hotunan waɗanda suka rasu. Ina son ko'ina a cike, kyamara za ta bi fuskoki. Ke, kai, da ke. Madam, zo."

Kujera ce ta bakin hanya, kusa da gaba, allon yana tsaye a kanta kamar bangon coci. Slavka ta zauna, ta haɗa hannuwa a cinya. Ta samu. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta dami kowa ba, kuma ga ta a ciki. A ranta ta ce, Halya, ga ni. Ta ji abin da ya tokare mata ƙirji tun kaka ya fara motsi.

Sai inuwa ta tsaya a kanta. Wani babban mutum ne mai farin gemu, kofin takarda a hannu, yana duba lambar kujera yana duba ta.

"Au, yi haƙuri, Madam."

Ta riga ta miƙe rabi. "A'a, kai za ka yi haƙuri. Taka ce."

"Zauna abinki, don Allah. Ni na daɗe a waje. Sai in koma baya har a gama wannan."

"Haba, ina! Kujerarka ce, Yallaɓai."

"Da gaske nake. Ba komai, ki zauna."

"Ba zai yiwu ba. Ga ta nan na ɗumama maka."

Wata murya daga sama ta fara ƙirga daƙiƙun da suka rage. Shi yana tsaye, ita tana tsaye, kujera a tsakaninsu ba kowa. Da zuciya ɗaya mutumin nan ya yi tayin, wannan kam ba shakka. Abin da ya rage kawai ta ce na gode, ta koma ta zauna. Amma a gasar ba da haƙuri ba a taɓa kayar da Slavka ba. Ta zame ta gefensa, shi kuma ya zauna yana girgiza kai, yana cewa mutanen garin nan kun cika kirki.

Niyyarta ta raɓe jikin bango ta gani daga can. Ta manta da dokar, ko kuwa ta ɗauka mutum ƙarami kamarta ba zai tsole wa kowa ido ba. Wani mai gadi ya riƙe gwiwar hannunta a hankali.

"Madam, ba a tsayuwa nan."

Ya raka ta har lungu, ya ja ƙofa ya rufe, ya tsaya a gabanta.

Doreen tana nan a layi, wannan karon ba a tura ta ba. Ta zaro ido.

"Me kike yi a nan?"

"Mai ita ya dawo."

"Ya kore ki?"

"A'a. Cewa ya yi in zauna."

Doreen ta tsaya tana kallonta baki buɗe, ta kasa magana, abin da ba a taɓa gani ba a titin Selkirk.

Ta cikin ƙofa kiɗan ya fara, piyano a hankali. Ba a kiran suna a wurin, rubutawa ake yi a ƙarƙashin hoto. Tafi kawai ake ji daga waje, ya taso, ya kwanta, ya sake tasowa. Slavka ta matsa ta manna kunne da ƙarfen ƙofar. Wannan ne? Ko wanda ya wuce? Wani tafin ya zo da ƙarfi har da fito, ta ce Allah ya sa nata ne. Na bayansa ya zo sanyi-sanyi, na 'yan tsiraru, gabanta ya faɗi kada shi ne. Ƙanwarta tana wucewa a bayan ƙarfen nan, taku kaɗan daga inda take, kuma ba ta san a wane tafi ta wuce ba.

Doreen ta dawo hayyacinta, ta yi kan mai gadin.

"Kai, buɗe ƙofar nan! Ƙanwarta ake nunawa a ciki, uwa ɗaya uba ɗaya! Gail Darrow!"

Mai gadin ya dubi Slavka, fuskarsa ta sauya. "Gail Darrow? Ai babana ba ya jin kowa sai ita." Ya danna na'urarsa yana neman izini.

"Doreen, rabu da shi, aikinsa yake yi."

"Ke rufe min baki!"

Aka amsa masa, aka ce wace ce, ya maimaita, aka ce ya ɗan jira. Lokacin da ƙofar ta buɗe fitilu sun dawo, wasu samari suna dukan ganga kamar za su fasa, allon ya cika da wuta ja da shuɗi.

Renée ta iso tana haki. Ta cire na'urar daga kunnenta, karo na farko tun jiya.

"Misis Bilyk, me ya hana ki gaya min? Akwai kujerar da mai ita bai zo ba sam. Da tun farko na zaunar da ke, ba mai taɓa ki."

"Na ga aiki ya yi miki yawa, 'yata."

Yarinyar ta fashe da kuka. Slavka ce ta riƙa bubbuga mata baya tana cewa ba komai.

Da safe Doreen ta zo gida da kaset ɗin bidiyo, maƙwabcinta ya ɗauki bikin duka. Ba ta ko cire takalmi ba.

"Kin san abin da ya fi ƙona min rai? Da kin zauna gida da kin gani. Kowa a ƙasar nan ya gani, har wanda bai taɓa jin sunanta ba, yana kwance da gwangwanin giya a ciki. Ke kaɗai. Ungo. Ki kalla yanzu, ki je ki ba tsohuwa labari kamar kina ciki. Wa zai sani?"

Slavka ta karɓa ta yi godiya, ta ɗora shi a kan firji. Ta sa takalmin ƙanƙara ta fita. Ba ta iya ƙarya ba, kuma ba kaset aka aike ta kallo ba.

A gidan tsofaffi ma'aikatan jinya suka tare ta tun daga bakin ƙofa.

"Ga 'yar talabijin! Misis Bilyk, mun gan ki! Kina ta ƙyaƙyata dariya kusa da yaron nan mai zane. Kin yi kyau kuwa!"

Ta yi musu murmushi ta wuce.

Mama tana zaune a kan gado, an taje mata kai. Ta sa an ɗaura mata ɗankwalinta na zuwa coci, mai jajayen furanni.

"Zo nan kusa. Sun kai ni ɗakin kallo jiya, na ji piyano, na ji tafi. Wata yarinya ta so ta ba ni labari, na ce ta yi min shiru, 'yata tana can ciki, ita za ta faɗa min. To, wane hoto suka sa?"

Slavka ta zauna a bakin gado. Duk hotunan Halya ta san su, na bayan faifai, na jarida, wanda ta sa farar hula. Tana iya zaɓar kowanne.

"Ban gani ba, Mama."

"Kamar yaya ba ki gani ba? An ce an gan ki."

Ta faɗa mata duka, tun daga layi har ƙofar ƙarfe, ba ta rage komai ba. Tsohuwa tana ji, fararen idanunta a kan bango.

"Ya ce ki zauna?"

"Ya ce."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa. Har ya maimaita."

Mama ta kai hannu ta kwance ɗankwalin, ta shimfiɗa shi a cinya, ta shiga ninkewa da yatsun da suka yi shekaru suna ninke rigunan mutane.

"Da Halya ce," in ji ta, "ko 'yan sanda aka kira, sai dai a ɗauke ta da kujerar."

"Na sani, Mama."

"Ba kowa namu a wurin ke nan."

"Ba kowa."

Slavka ta sunkuyar da kai, tana jiran faɗa. Da faɗan ya zo da ta ji sauƙi. Amma tsohuwa laluba bargo ta yi har ta sami hannunta, ta riƙe, kuma da ta yi magana muryar ta koma ƙarama, irin wadda Slavka ba ta taɓa ji a bakinta ba.

"Sau biyu ke nan muna barin ta ta tafi ita kaɗai."